Monsinyo Robert Hugh Benson (1871–1914): Firist Da Ya Auna Ci Gaba Da Ma'aunin Bangaskiya

A wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar wani firist na ƙasar Ingila, wanda ya yi wa'azi a kan bagade, ya kuma yi da alƙalami.

An haifi Robert Hugh Benson ran 18 ga Nuwamba, 1871. Shi ne autan Edward White Benson, wanda daga baya ya zama Akbishop na Kantabari, watau shugaban ɗariƙar Angilikan. Ya yi karatu a Eton da Jami'ar Kambirij, kuma mahaifinsa da kansa ya naɗa shi firist na Angilikan a 1895. Bayan rasuwar mahaifin a 1896, zuciyarsa ba ta kwanta ba game da inda ikon koyarwar manzanni yake. Ya yi ta addu'a da nazari, har a watan Satumba 1903 aka karɓe shi cikin Ikkilisiyar Katolika. Ɗan Akbishop na Kantabari ya bi Paparoma: wannan labari ya jawo surutu ƙwarai a Ingila. A 1904 aka naɗa shi firist a birnin Roma.

A zamaninsa jirgin ƙasa da wayar tangaraho da wutar lantarki sun sauya zaman Turai, a 1903 kuma jirgin sama ya fara tashi a Amurka. Marubutan ƙagaggun labaran kimiyya suka ɗauki wannan buri suka kai shi nesa. Edward Bellamy a 1888 da H. G. Wells a 1905 sun zana duniya ta gobe, wadda ilimi da kyakkyawan tsari za su kawar mata da talauci da rikici. Mutane da yawa suka ɗauka cewa gobe dole ta fi yau, addini kuwa tsohon yayi ne da zai shuɗe.

Fada Benson ya amsa musu da irin makaminsu. A 1907 ya wallafa Lord of the World, watau Mai Mulkin Duniya. A cikin labarin duk abin da masu burin ci gaba suka nema ya samu: jiragen sama suna jigila, an kau da yaƙi, jama'a na cikin wadata. Amma da wani jirgi ya faɗo a tsakiyar gari, sai ga ma'aikatan hukuma sun iso domin su ƙarasa waɗanda suka jikkata da sunan jinƙai, firist kuwa yana durƙushe yana yi wa masu mutuwa addu'a. Sa'an nan wani shugaba mai farin jini, Julian Felsenburgh, ya haɗa kan al'ummai, aka kafa sujada ga ɗan adam a maimakon Allah. Wannan shi ne Magabcin Almasihu. Aka hallaka Roma daga sama, Paparoma na ƙarshe ya ɓuya a Nazarat tare da 'yan tsirarun masu bi.

Benson bai ƙi kimiyya ba. Abin da ya ƙi shi ne a mai da ita abin bauta, kamar yadda maginan hasumiyar Babila suka yi da tubalinsu. A ganinsa, al'ummar da ta manta da Mahaliccinta za ta fara auna mutum da amfaninsa, marar lafiya da tsoho kuwa su ne za su fara shan wuya.

A 1911 Paparoma Pius na 10 ya ba shi muƙamin Monsinyo. Ya rasu a Salford ran 19 ga Oktoba, 1914, yana da shekara 42. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya riga ya ɓarke, kuma a yaƙin nan aka yi amfani da jiragen sama da iskar guba wajen kashe mutane. Marigayi Paparoma Francis ya shawarci jama'a su karanta littafin a 2015.

Mu ma muna marmarin asibiti da makaranta da hanya mai kyau, kuma daidai ne mu nema. Sai dai mu riƙa tambaya: wannan ci gaba, yaya yake yi da gwauruwa da maraya da wanda ke kwance ba lafiya? Allah ya ba bawansa Robert hutawa ta har abada. Amin.