Isaac Roberts, ɗan kwangilar da ya ɗauko hoton gajimaren taurari

Yau za mu waiwayi tarihin wani ɗan kwangila wanda ya zuba ribarsa a neman ilimi, har masana suka riƙa koyo daga gare shi.

An haifi Isaac Roberts a shekara ta 1829 a yankin Wels na ƙasar Birtaniya. Bai yi karatun jami'a ba. Yana ɗan shekara 15 aka kai shi koyon aikin gini a birnin Libaful, da dare kuma yana zuwa makaranta. A 1859 ya tsaya da ƙafarsa, ya kafa nasa kamfanin gini, Allah kuma ya buɗa masa.

Da hali ya samu sai ya koma ga kallon taurari. A can sararin samaniya akwai wasu wurare masu kama da gajimare ko hazo, waɗanda haskensu ya yi rauni ƙwarai. Ido ba ya tara haske, amma farantin hoto yana tarawa: muddin aka bar shi a buɗe, haske yana ta taruwa a kansa kaɗan-kaɗan. Matsalar ita ce duniya tana juyawa, taurari suna gusawa. Don haka dole Roberts ya zauna cikin sanyin dare yana daidaita madubin hangen nesansa awa bayan awa. Kuskure kaɗan, aikin dare ya lalace.

A 1885 ya sayi madubi mai faɗin santimita 51. A 1886 ya ɗauki hoton taurarin da mu Hausawa ke kira Kaza da 'Ya'yanta, sai ga gajimare lulluɓe da su. A watan Disamba na 1888 kuma ya yi awa huɗu yana ɗaukar gajimaren Andiromeda, wanda malami Abdurrahman al-Sufi ya ambata a littafinsa tun wajen shekara ta 964. Hoton ya nuna shi a murɗe kamar faifai.

To, amma Roberts ya yi kuskure wajen fassara: ya zaci wata rana ce da duniyoyinta ke haɗuwa. Sai a shekarun 1920 Edwin Hubble ya tabbatar cewa gungun taurari ne mai zaman kansa, mai nisan da haske ke yin kimanin shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso mana.

Ƙungiyar masana taurari ta Ingila ta ba shi lambar zinariya a 1895. Ya rasu a 1904, matarsa Dorothea Klumpke, ita ma masaniyar taurari, ta ci gaba da buga hotunansa.

Yau kyamarar zamani ta maye gurbin faranti, amma dabarar ba ta sake ba: a tara haske da haƙuri, kamar yadda ake tara jari.