Edward Jenner: Likitan ƙauyen da ya share hanyar kawar da cutar agana

An haifi Edward Jenner a ranar 17 ga Mayun 1749 a garin Berkeley da ke yammacin Ingila. Ya zama maraya yana ɗan shekara 5, a zamanin da cutar agana ke hallaka kusan mutum uku cikin kowane goma da ta kama, ta bar wasu da zanzana a fuska ko makanta.

Bayan ya koyi aikin likita a Landan a hannun fitaccen likitan tiyata John Hunter, sai ya koma garinsu yana duba talakawa. A yankin, mutanen karkara sun daɗe da yin imani cewa matan da ke tatsar nono, idan suka ɗauki wasu ƙuraje marasa tsanani daga hantsar saniya, agana ba ta kama su. Jenner bai raina wannan zance ba, ya ƙuduri aniyar gwada shi.

A ranar 14 ga Mayun 1796 ya ɗebi ruwan ƙurji daga hannun wata mai tatsa, Sarah Nelmes, ya tsaga fatar James Phipps, ɗan mai kula da lambunsa mai shekara 8, ya shafa masa. Bayan wasu makonni ya sanya wa yaron ƙwayar agana, amma ba ta kama shi ba.

Ƙungiyar masana ta Royal Society ba ta buga rahotonsa na farko ba, don haka ya ƙara tattara hujjoji, ya wallafa littafi da kuɗinsa a 1798. An yi masa ba'a, har da zanen mutane suna tsirar kawunan shanu a jiki. Duk da haka bai ɓoye iliminsa don ya yi kasuwanci da shi ba. Ya riƙa aika maganin ƙasashe daban-daban, yana yi wa talakawa lamba kyauta a wata bukka cikin lambunsa, har nasa aikin ya samu koma-baya. Majalisar Birtaniya ta ba shi fam 10,000 a 1802, ta ƙara masa 20,000 a 1807.

Ya rasu a ranar 26 ga Janairun 1823. A 1977 aka samu mutum na ƙarshe da ya ɗauki agana daga yaɗuwarta cikin jama'a, a ƙasar Somaliya, sannan a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ita baki ɗaya. Har yau ita kaɗai ce cutar ɗan Adam da aka shafe daga doron ƙasa.