Muhammadu Al-Katsinawi, Malamin Lissafin Da Alƙahira Ta Riƙe

A shekarar 1741 Allah Ya yi wa Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Katsinawi rasuwa a Alƙahira, a gidan Shehu Hasan Al-Jabarti, wanda ya bar wa wasiyyar littattafansa. Ɗan maigidan, Abdurrahman Al-Jabarti, ba a ma haife shi ba a lokacin, amma da ya girma ya zama babban marubucin tarihin Masar, sai ya sanya baƙon mahaifinsa cikin manyan malaman zamanin a littafinsa Aja'ibul Asar. Ta wannan hanya mafi yawan labarin malamin ya iso ga na baya.

Bafulatani ne daga ƙasar Katsina. Ya yi karatu wurin Shehu Muhammadu Alwali na Bagarmi da Shehu Muhammadu Bindu, ya ƙware a nahawu da fiƙihu da hisabi da ilimin taurari. Wajen 1730 ya tafi aikin Hajji, bayan ya sauke farali ya zauna a Masar yana koyarwa yana rubutu. Daga cikin wallafe-wallafensa akwai Durrul Manzum da Bahjatul Afaƙ, wanda ya rubuta a 1732, kuma a cikinsa ya yi bayanin hatimi.

Hatimi dai zane ne mai gidaje, tsawonsa da faɗinsa daidai, ana zuba lambobi a ciki ba tare da maimaita ko ɗaya ba, ta yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, zai ba da jimla guda. Mai gidaje uku-uku yana ɗaukar 1 zuwa 9, jimlar layinsa 15. Mai biyar-biyar yana ɗaukar 1 zuwa 25, jimlarsa 65.

Masana fannin sun kasa hatimi gida uku bisa ga adadin gidajen layinsa: wutiri, kamar 3 da 5 da 7, shafa'i mai rabuwa huɗu, kamar 4 da 8, da shafa'in da rabinsa wutiri ne, kamar 6 da 10. Kowane rukuni da hanyar cika shi. A kan wutiri ne aka fi sanin aikin Al-Katsinawi, domin ya shimfiɗa ƙa'idojin da ke aiki komai girman zanen.

Amfanin ƙa'ida shi ne a san amsa tun kafin a ɗora alƙalami. A ninka adadin da kansa, a ƙara 1, a raba biyu, sannan a ninka da adadin. Hatimi mai gidaje 99 a layi yana da gidaje 9,801. An ƙara 1 an raba biyu ya zama 4,901. Jimlar kowane layi kuwa 485,199.

A zamaninsa hatimi yana tafe ne da laya da ilimin asirai, shi ya sa wasu malamai suka yi masa kallon shakka, lissafin da ke ciki kuma ya sakaya. A 1967 Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazari a kan aikinsa, a 1973 kuma Claudia Zaslavsky ta Amurka ta gabatar da shi a littafinta kan lissafin Afirka. Kwafin rubutunsa yana ajiye a Landan, kabarinsa yana Alƙahira, Katsina kuwa sunanta ne ya bi shi har can.