Shinzo Fukuhara: Mai kantin maganin da ya mai da hoto waƙa

A ƙasar Japan akwai wata irin gajerar waƙa da ake kira haiku. Ɗango uku ne kawai gare ta, gaɓoɓinta 17: biyar a ɗangon farko, bakwai a na biyu, biyar a na ƙarshe. Mawaƙin ba ya dogon bayani. Yakan ɗauki ƙaramin abu guda, kamar ganyen da ya faɗo ko tsuntsu bisa reshe, ya saka kalmar da ke nuna lokacin shekara, sauran kuma ya bar wa mai karatu. Gwanin wannan waƙa da ya fi shahara shi ne Matsuo Basho, wanda ya rayu daga 1644 zuwa 1694. Filinmu na yau zai kawo tarihin wani mutum da ya ɗauki hanyar Basho, amma a maimakon alƙalami sai ya riƙe kyamara.

An haifi Shinzo Fukuhara a birnin Tokyo a shekarar 1883. Shi ne ɗa na uku ga Arinobu Fukuhara, wanda ya buɗe kantin magani mai suna Shiseido a unguwar Ginza a 1872. Tun yana yaro zane ne ya ɗauke masa hankali, har ya yi burin zama mai zane. To amma gida yana da nasa buƙatu, sai aka sa shi karatun haɗa magunguna a garin Chiba. A 1908 ya tafi Amurka, ya ci gaba da wannan karatu a jami'ar Columbia da ke New York.

Kafin ya koma gida ya ratsa ta Turai, ya zauna a birnin Paris a 1913. A can ya cuɗanya da masu zane, ya riƙa yawo bakin kogin Seine yana ɗaukar hotunan gadoji, kwale-kwale da hazon safiya. Da ya dawo, a 1915 ragamar kantin mahaifinsa ta dawo hannunsa. Ya karkatar da kasuwancin daga magani zuwa kayan kwalliya da turare, kuma shi ya zana furen tsubaki da ya zama tambarin kamfanin. A 1916 ya kafa sashen zane domin tsara kwalabe da tallace-tallace, a 1919 kuma ya buɗe zauren nuna zane-zane na Shiseido, wanda har yanzu yana aiki a Ginza. Lokacin da Shiseido ya zama kamfanin hannun jari a 1927, shi ne shugabansa na farko.

Duk wannan hidima ba ta raba shi da kyamara ba. A wancan zamani masu ɗaukar hoto da yawa a Japan suna ganin hoto ba zai samu daraja ba sai ya yi kama da zanen fenti. Saboda haka sukan taɓa shi da buroshi da tawada a ɗakin wanki har asalinsa ya kusa ɓacewa. Fukuhara bai yarda da haka ba. A ganinsa hoto yana da nasa harshe, wato haske da inuwa da yadda suke jituwa. Aikin mai ɗaukar hoto shi ne ya tsaya gaban abu, ya jira lokacin da haske ya sauka daidai, ya kama wannan ƙiftawar ido ɗaya. A nan ne ya ga dangantakar hoto da haiku: dukansu biyu gajeru ne, dukansu suna kama abin da zuciya ta ji nan take, kuma ƙarfinsu yana cikin abin da aka bari ba a faɗa ba.

Don yaɗa wannan ra'ayi, a 1921 shi da ƙanensa Roso Fukuhara da wasu abokai suka fara buga mujallar fasahar hoto mai suna Shashin Geijutsu. A 1922 ya fitar da littafin hotunansa na Paris da kogin Seine. A 1923 kuma ya fitar da Hikari to sono kaicho, ma'ana haske da jituwarsa, wanda ya zama jagora ga dubban masu ɗaukar hoto na sha'awa.

A wannan shekarar ce, ranar 1 ga Satumba, girgizar ƙasa ta afka wa Tokyo da kewaye, ta kashe mutane fiye da 100,000. Gobara ta cinye Ginza har da kantin Shiseido, mujallar kuma ta tsaya. Fukuhara bai karaya ba. A 1924 ya kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto mai suna Nihon Shashinkai, ya zama shugabanta. Koyarwarsa mai sauƙi ce: ba sai an je nesa neman babban dutse ko fada ba. Katangar maƙwabci, ciyawar gefen hanya da inuwar itace bisa ruwa duk sun isa su zama hoto ga wanda ya iya kallo.

Ya ci gaba da fitar da littattafai: hotunan Tafkin Yamma na Hangzhou a ƙasar Sin a 1931, na tsohon garin Matsue a 1935, da na tsibiran Hawai a 1937. Sai dai a shekarun 1930 wani sabon salo ya shigo daga Jamus, mai son hoto tar-tar na injuna, masana'antu da hayaniyar birni. Matasa da dama suka bi shi, suna kallon hotunan Fukuhara masu laushi a matsayin kayan da. Shi kuwa bai sauya hanyarsa ba.

Ya rasu a 1948 yana da shekara 65, shekara uku bayan ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Kamfanin da ya gina ya zama ɗaya daga cikin manyan masu kayan kwalliya a duniya, hotunansa kuma suna ajiye a gidajen tarihi na Japan. A yau da kusan kowa ke yawo da kyamara cikin wayarsa, darasinsa yana nan da amfani: a rage tarkace cikin hoto, a zaɓi abu guda, a jira haske.