Gene Krupa: Yaron da ya ajiye busa ya rungumi ganga

An haifi Gene Krupa a birnin Chicago na Amurka a 1909. Da busa saksofon ya fara, amma yana ɗan shekara 11 ya koma ganga, domin ita ce mafi araha a shagon kayan kiɗa. Mahaifiyarsa ta so ya zama limamin coci, sai kiɗa ya rinjaye shi.

A 1927 ya shiga sahun farko na masu naɗar faifai da babbar gangar ƙafa, wadda a lokacin ake gudu don rugugin nata kan gusar da allurar naɗi. Aikinsa da Benny Goodman ya fito da makaɗin ganga gaban dandali. Ya rasu a 1973.