TUNA BAYA: Sa Samuel Manuwa, likitan da ya dage sai an horar da cikakken likita a gida

Wanda ya taɓa sauka a unguwar Sabo ta Ibadan, garin da Hausawa suka fi kira Badun, ya san ba wata tafiya ba ce daga nan zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'a, wanda aka fi sani da UCH. Shi ne asibitin koyarwa na farko a Najeriya. An buɗe shi ranar 20 ga Nuwamba, 1957, da gadon kwanciya 500, shekara 3 kafin samun 'yancin kai. Idan ana ba da tarihin kafuwarsa, sunayen Turawa ne suka fi yawa, amma a shekarun da aka yanke shawarar gina shi, shugaban ma'aikatar lafiya ta ƙasar nan baki ɗaya ɗan ƙasa ne, wato Dakta Samuel Layinka Ayodeji Manuwa.

An haifi Manuwa ranar 4 ga Maris, 1903, a Itebu-Manuwa. Mahaifinsa, Rabaran Benjamin Manuwa, malamin coci ne. Ya yi karatun sakandare a Legas, ya kammala a King's College a 1921, daga nan ya haye teku zuwa Jami'ar Edinbura da ke Sikotland. A 1926 ya fito da digirin likita, ya kuma ci kyaututtuka a darasin kimiyyar sinadarai da na likitanci. Bai dawo nan take ba, sai da ya tsaya a Liverpool ya yi kwas a kan cututtukan ƙasashe masu zafi. A 1927 ya komo gida ya kama aikin gwamnati.

Aikin da ya shiga ba a tsara shi domin irinsa ba. Tun a 1902 gwamnatin Birtaniya ta haɗa likitocinta na Afirka ta Yamma a ƙarƙashin hukuma guda, ta kuma sa sharaɗin cewa sai wanda iyayensa Turawa ne zai shiga cikinta. Baƙin likita, ko da a aji ɗaya suka zauna da Baturen, jarrabawa ɗaya suka ci, sai a ware shi a wani rukuni na daban mai ƙarancin albashi, wanda hanyar ƙarin girma a cikinsa ƙunci gare ta. Abin takaicin shi ne, Edinbura ta daɗe tana yaye likitoci 'yan Afirka ta Yamma kafin a kafa wannan doka. Africanus Horton ya samu digirinsa a can tun 1859, John Randle na Legas kuma a 1888. Ashe ba rashin ƙwararru ne ya kawo dokar ba.

Manuwa ya shafe kimanin shekara 20 yana aikin tiyata a asibitocin gwamnati. Zamani ne da ba a samu allurar fenisilin ba tukuna, ga likitoci ƙalilan, ga majinyata ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki. Cikin abin da ya fi cika asibitoci a lokacin har da gyambo, wanda kan kama ƙafar manomi ko ɗan dako ya ƙi warkewa wata da watanni. Manuwa ya ƙirƙiro wata wuƙar tiyata ta musamman domin yanke ruɓaɓɓen naman gyambon. A 1934 Jami'ar Edinbura ta ba shi babban digirin likitanci saboda binciken da ya yi a kan kumburin saifa mai daɗewa a Afirka ta Yamma, musamman Najeriya. Ciwo ne da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai, kuma sai bayan shekaru da dama binciken da aka yi a Ibadan da Zariya da Kampala ya tabbatar da alaƙar wani nau'insa da zazzaɓin cizon sauro da ke yawan komo wa mutum. A 1938 ya ci jarrabawar shiga Ƙungiyar Manyan Likitocin Tiyata ta Edinbura, shi ne ɗan Najeriya na farko da ya kai wannan matsayi.

A daidai waɗannan shekaru akwai makarantar koyon likitanci a ƙasar nan, kuma ita ce tushen rigimar. A 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe makarantar likitanci a Yaba, Legas. Karatun nata ba wasa ba ne, shekaru ake kwashewa ana yinsa, ana kuma kayar da ɗalibai da yawa. To amma wanda ya jure ya kammala, takardar da za a ba shi ba ta aiki a ko'ina sai cikin Najeriya, kuma da muƙamin mataimakin likita zai fara. Yakan yi aikin da likita ke yi, wani lokaci shi kaɗai ne a asibitin lardi, amma albashinsa da darajarsa na ƙasa ne. 'Yan bokon Legas sun ɗauki wannan tsari a matsayin raini. Ƙorafi a kan matsayin Babbar Kwalejin Yaba na cikin dalilan kafa Ƙungiyar Matasan Legas a 1934, wadda daga baya ta zama Ƙungiyar Matasan Najeriya, kuma cikin waɗanda suka kafa ta har da wani likita, Dakta J.C. Vaughan.

Adalci ne a faɗi cewa Yaba ta yaye gwanaye. Dakta Michael Okpara, wanda ya zama Firimiyan Jihar Gabas, a can ya yi karatu. Haka ma Theophilus Ogunlesi, wanda bayan ya gama Yaba sai da ya tafi Ingila ya sake zama jarrabawa kafin a amince da shi a matsayin cikakken likita, kuma shi ne a 1965 ya zama ɗan Najeriya na farko da ya kai farfesa a fannin cututtukan cikin jiki. Labarinsa ya nuna inda gizo ke saƙar: ɗaliban ba su gaza ba, takardar ce aka tsara ta gaza.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sauya tunanin Birtaniya game da ilimi mai zurfi a ƙasashen da take mulka. Kwamitin Elliot da aka kafa a 1943, wanda Rabaran I.O. Ransome-Kuti ya wakilci Najeriya a cikinsa, ya miƙa rahotonsa a 1945, ya ba da shawarar kafa kwalejin jami'a a Ibadan tare da sashen likitanci. A watan Janairun 1948 ɗalibai 104 suka fara karatu a gine-ginen wani tsohon asibitin soja da ke Eleyele, yawancinsu daga Yaba aka ɗebo su. Kwalejin tana ƙarƙashin kulawar Jami'ar Landan ne, digirin Landan kuma za ta riƙa bayarwa. A wannan shekarar ce aka naɗa Manuwa mataimakin daraktan ma'aikatar lafiya, a 1951 kuma ya zama darakta, ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar. Masu rubuta tarihinsa suna jingina masa abu biyu da ba sa rabuwa: rufe makarantar Yaba, da tsayawa kai da fata sai an gina asibitin koyarwa na sosai a Ibadan.

Karatun likita kashi biyu ne. Na farko a aji da ɗakin gwaje-gwaje ake yinsa, inda ɗalibi ke koyon ƙirar jikin ɗan'adam da yadda gaɓoɓi ke aiki. Na biyu kuwa a gefen gadon majinyaci ne, ɗalibi na biye da malaminsa yana ganin yadda ake tambaya, a duba, a gano ciwo, a yi magani. Kashi na farko bai gagari Ibadan ba. Na biyun ne ya zama matsala, domin asibitin da aka samu shi ne na Adeoyo, asibitin En'e da aka gina don jinyar mutanen gari, ba don koyarwa ba. An yi masa ƙare-ƙare da kwaskwarima, amma da tawagar Jami'ar Landan ta zo duba shi a 1951, sai ta ƙi amincewa a yi karatun kashi na biyu a cikinsa.

Nan aka tsaya a mararraba. Ko dai a sassauta, a koma ba da wata takarda ta cikin gida wadda Adeoyo zai iya ɗauka, a riƙa yaye likitoci da yawa cikin sauri, ko kuwa a riƙe ma'aunin Landan, a gina sabon asibiti tun daga tushe, a jira. Hanya ta farko tana da hujja mai ƙarfi. Ƙasa ce mai mutum sama da miliyan 30 a ƙidayar farkon shekarun 1950, mafi yawansu a karkara, inda maleriya da ƙyanda da mutuwar mata wajen haihuwa suka fi kashe mutane, kuma miliyoyin fam ɗin da asibiti guda zai lanƙwame za su iya gina ɗakunan shan magani masu yawa. Amma ga mutumin da ya shafe ƙuruciyar aikinsa a rukunin likitocin da aka ware saboda launin fata, ya kuma ga yadda takardar Yaba ta daƙile masu hazaƙa, sassautawa na nufin a sake haifar Yaba da sabon suna. Hanya ta biyu aka bi.

A 1952 aka kafa dokar asibitin, aka ba shi hukumar gudanarwa tasa ta kansa a ƙarƙashin Sa Sydney Phillipson. A shekarar ne kuma aka buɗe makarantar koyon aikin jinya, domin asibiti mai gado 500 ba zai tafi da likitoci kaɗai ba. Gini ya fara a watan Oktoban 1953. Kafin a gama, duk ɗalibin da ya kammala kashi na farko a Ibadan sai a nema masa gurbi a wani asibitin koyarwa na Birtaniya. Ishaya Audu, ɗan Anchau, na cikin waɗanda suka bi wannan hanya: ya fara a Ibadan, ya ƙarasa a Landan a 1954. Shi ne daga baya ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, kuma a zamaninsa ne aka buɗe sashen likitanci na Zariya a 1967.

Tsarin mulkin 1954 ya miƙa yawancin harkokin lafiya ga gwamnatocin jihohi uku na lokacin, sai muƙamin Manuwa ya koma na babban mai ba Gwamnatin Tarayya shawara kan lafiya. Asibitin Ibadan ya ci gaba da zama na Tarayya. A 1956, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ziyarci Najeriya har ta je wurin da ake ginin, aka ba Manuwa lambar girma ta Sa. Shekara guda bayan haka gwaggon Sarauniyar, Gimbiya Mary, ta buɗe asibitin. A 1958 Sa Kofo Abayomi, likitan ido, ya karɓi shugabancin hukumarsa, ɗan ƙasa na farko. A 1960 kuma aka yaye rukunin farko na likitocin da suka yi karatunsu tun daga farko har ƙarshe a Ibadan, da digirin da ake karɓa a Landan kamar yadda ake karɓarsa a Legas.

'Yan ƙalilan ne wannan rukuni, kuma a nan masu sukar tsarin suka samu abin faɗa. Shekara 12 bayan buɗe sashen likitanci, adadin likitocin da ƙasar ke fitarwa a shekara bai kai ya cike guraben asibitocin lardi ɗaya ba. Takardar da duniya ta amince da ita kuma takan buɗe wa mai ita ƙofar fita, abin da Najeriya ke kuka da shi har yau. Sai dai ba a gina makarantar likitanci da yawan ɗalibai, da malamai ake gina ta, kuma Ibadan ce ta samar da da yawa daga cikin malaman da suka tafiyar da makarantun da suka biyo baya, a Legas daga 1962, sannan Zariya da Inugu da Ife da Binin. Da a ce an fara da takarda mai rauni, da wuya a samu wanda zai koyar a cikinsu ba tare da an sake komawa ga Turawa ba.

Manuwa ya bar ma'aikatar lafiya a 1959 ya koma Hukumar Kula da Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya a matsayin kwamishina, wurin da ake ɗaukar ma'aikata da ƙara musu girma, a daidai lokacin da Turawa ke tattara kayansu ana cike gurabensu da 'yan ƙasa. Bai yanke hulɗa da likitanci ba. A tsakiyar shekarun 1960 ya shugabanci Ƙungiyar Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya. A 1967 aka naɗa shi shugaban majalisar gudanarwar Jami'ar Ibadan, wadda tun 1962 ta rabu da Landan ta fara ba da digirinta. Lokaci ne mai wuya. Yaƙin basasa ya raba jami'ar da malamanta da ɗalibanta 'yan Gabas, har da shugabanta na farko ɗan ƙasa, Farfesa Kenneth Dike. Cikin shugabannin jami'ar da Manuwa ya yi aiki da su har da likitoci biyu, Adeoye Lambo, masanin ciwon taɓin hankali, da Oritsejolomi Thomas, likitan tiyata.

Ranar 29 ga Yuli, 1975, sojoji suka kifar da gwamnatin Janar Yakubu Gowon, Murtala Muhammed ya hau. Sabuwar gwamnatin ta shiga tankaɗe da rairaya a aikin gwamnati, aka sallami ma'aikata sama da 10,000. Talakawa sun yi na'am da matakin, domin sun gaji da almundahana, amma guguwar ba ta tsaya tantance mai laifi da marar laifi ba, ta kuma haɗa har da hukumar da Manuwa ya shafe shekara 16 yana yi wa aiki. Waɗanda suka ga zamanin sun rubuta cewa an umarce shi ya fita daga gidan gwamnati da yake zaune a Ikoyi. Ya rasu ranar 16 ga Satumba, 1975, mako 7 cif bayan juyin mulkin, yana da shekara 72.

Shekara 5 bayan rasuwarsa, a 1980, aka ɗaga sashen likitanci na Ibadan ya zama kwaleji. Ɗakin kwanan ɗaliban likitanci da ke harabar asibitin yana ɗauke da sunan Alexander Brown, farfesa ɗan Sikotland da ya koyar a can tun 1948, titin da ke gaban asibitin kuma sunan Sarauniya Elizabeth aka sa masa. Sunan Samuel Manuwa yana kan wani titi a Victoria Island, Legas.