Taƙaitaccen Tarihin Shehu Alfazazi, Mai Ishiriniya

Bayan haka, ya 'yan'uwa, na ga ya kamata in ambaci mai wannan waƙa kafin sharhi. Shi ne Abu Zaidu Abdurrahmani Alfazazi, mutumin Ƙurɗuba a ƙasar Andalus. Ya yi wa sarakunan Muwahhiduna aikin magatakarda, ya rasu shekara ta 627 Hijira, wato 1230. Allah Ya jiƙansa.

Da ya tashi yabon Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, sai ya ɗaure kansa da igiyar da mawaƙa ke gudu. Kowane harafi ya ba shi ƙasida guda, ƙasida 29, kowace baiti 20, a bisa karin Ɗawili. Da harafin da baiti ya buɗe, da shi zai rufe. Harafin Mimun da sauƙi, amma ku duba Zadi da Gainun, ni nan nake jinjina masa.

Abin da muke rerawa a zaure daren Mauludi kuwa tahamisi ne. Ibnu Mahibu ya ɗora ɗango uku a gaban kowane baiti, ya bar wa Shehu biyun ƙarshe da ƙafiyarsa. Almajirai da yawa suna ba Alfazazi duka biyar, alhali uku na Ibnu Mahibu ne.